Jar Fitila da Ƙafar Inna

Tun da aka kai Inna makwancinta ban yi kuka ba. Ba jarumta ba ce. Na zauna a kan tabarma a tsakar gidanmu na Ɗanzomo, mata suna shigowa ayari-ayari, wasu daga Sule Tankarkar, wasu daga Gagarawa, har da waɗanda suka tsallako iyaka ta Maigatari a kan amalanke. Kowace ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri?" ni kuma in ce, "Da godiya." Bakina ya iya aikinsa. Na Allah muke, wajensa kuma za mu koma: na faɗa ba adadi, na kuma yi imani da shi, amma har yau da nake wannan rubutu abin bai sauko ƙirjina ba.

Kusan duk wadda ta zauna sai ta ce, "Ita ta yanke wa 'ya'yana cibiya." Wata tsohuwa ta nuna min wani gardi mai gemu da ke tsaye bakin zaure, ta ce, "Kin ga ƙaton can? A tafin hannunta ya fara kuka." Sai ta fashe da nata kukan. Haka na wuni ina ba mutane haƙuri, ni da aka zo yi wa ta'aziyya. Har Sista ta zo daga Gumel, ma'aikaciyar asibitin da ta yi jinyar Inna, Kirista ce mutuniyar wajen Filato. Ta yafa gyale, ta zauna cikin mata, tana share hawaye tana cewa, "Na gaya mata. Wallahi na gaya wa Mama."

A bayana kuwa, wajen rumbu, na ji wasu biyu suna magana, ba su ma rage murya sosai ba.

"Ai an ce da an yanke ƙafar da tana nan da ranta."

"To wa ya hana?"

"Babbar."

Babbar ni ce, kuma gaskiya suka faɗa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina tsoron nan da 'yan shekaru abin da zai rage na Inna a bakin mutane shi ne tsohuwar nan da ta ƙi a yanke mata ƙafa, 'yarta kuma ta biye mata.

Ni ce 'yar farinta. A wajenmu, musamman ga mutanen da, uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san da zamansa. Wasu matan sama-sama suke yi. Inna kuwa ta riƙe abin kamar farilla. Ana yaye ni aka kai ni wajen kakata, can na girma. In na shigo gaishe ta, bango take amsa wa. In tana da saƙo gare ni sai ta gaya wa duk wanda ke kusa: "A ce wa mutanen gidan can ana nemansu." Wata rana babu kowa a tsakar gida sai akuya, sai Inna ta gaya wa akuyar. Da na zama malamar firamare a Gumel sai aka ƙara min girma, na tashi daga "mutanen gidan can" na koma "mutanen Gumel".

Autanmu kuwa, wanda yake dillancin dabbobi a kasuwar Maigatari, har ya yi gemu yana kwantar da kai a cinyarta, tana zaginsa tana dariya. Ban taɓa jin haushinsa ba. Ƙarya nake, na ji.

Inna ungozoma ce, amma abin da ya fi fito da sunanta shi ne wankan jego. Da asuba da la'asar za ka ga ta ɗora ƙatuwar tukunya, ta hura mata itace har ruwa ya yi ta tafarfasa, ta tsoma ganyen darbejiya ta dinga fyaɗa wa mai jego a jiki. Masu jego suna ihu, tana yi musu faɗa: "Yi min shiru! Lokacin da ake ɗaura miki aure ai baki har kunne." In an gama ta dama kunun kanwa, ta zuba masa suga kamar ba da kuɗi ake saye ba, ta tsaya a kanki sai kin shanye, ita ma ta sha nata kwanon. Maganarta kullum ita ce, "Sanyi ne ke kashe mace." Duk ciwon da aka kawo mata, daga ciwon baya har ɓacin rai, abu na farko da za ta ce shi ne a gasa wurin.

Da na yi haihuwar fari aka mai da ni gidan kakata wanka. Ungozomar da ta fi kowa a yankin ita ta haife ni, amma ba ta taka ɗakin ba. Sai ta turo ƙawarta. Sai dai kullum kafin gari ya waye za a tarar da damin itace a ƙofar gida, ba a san wanda ya ajiye ba. Ana fara wanka kuma sai a ji tari daga bayan danga, sannan murya: "A ce wa mai wankan nan ruwanta bai yi ba. Daga nan ina jin bai yi ba." Ƙawar tata ta gaji wata rana ta ce, "To ki zagayo ki yi da kanki mana!" Washegari itacen ya ninka.

Ciwon ya shigo ne ba sallama. A shekarun farko da aka ba mu jiha ne aka fara lura tana yawan shan ruwa, tana ramewa. Sai ranar da ta dawo daga karɓar haihuwa a wata ruga da silifa ɗaya a ƙafa, ba ta san inda ɗayan ya faɗi ba. Aka yi ta yi mata dariya, ita ma ta yi. Bayan nan matar auta ta ga jini a tabarmar sallarta, aka duba aka zaro ƙayar aduwa daga tafin ƙafarta, har ta fara ruwa. Inna ta ce ita ba ta ji komai ba. A asibitin Gumel aka ce ciwon suga ne, ya daɗe a jikinta, ya taɓa jijiyoyin ƙafa. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne ƙafar da ba ta jin ƙaya ita ce kuma take hana ta barci da zugi, ta ce kamar ana tsira mata allurai daga ciki. Aka hana ta suga, aka ba ta ƙwayoyi. Ƙwayoyin dai ta sha.

A nan Sista ta shigo rayuwarmu. Ita ke riƙe da ɗakin gashi, inda ake gasa wa masu karaya da masu shanyewar ɓarin jiki gaɓoɓi. A kusurwar ɗakin akwai wata fitila mai jan ƙwai a kan doguwar ƙafar ƙarfe, kanta kamar an kife kwanon sha. In an kunna ta sai ta zubo wani jan haske mai ɗumi. Sista ba ta yi mana alkawarin komai ba. Ta ce ba za ta ce fitilar tana warkarwa ba, amma wasu suna samun sauƙin zugi. Ta ce kuma irin ƙafar Inna ba a sa mata fitila sai daga nesa, na ɗan lokaci, kuma sai da mai lura, don ƙafar za ta iya ƙonewa mai ita tana hira.

Inna ta ƙare wa fitilar kallo ta ce, "Ashe su ma Turawan sun san gashi. To me ya sa suke hana mu wankan jego?"

Tunda babu lantarki a ƙauye, dole ta tare a gidana. Wannan ma sai da aka kai ruwa rana. Ta zaɓi ɗakin da ke kusa da zaure, ba ta cin abinci in ina tsakar gida, in ta ji gyaran muryar maigidana kuwa sai ta zama gunki. Da safe mu tafi asibiti, tana gaba ina baya kamar ba tare muke ba. Wata rana mu samu wuta, wata rana mu zauna a benci har azahar mu dawo.

Kwanakin farko Sista ke ajiye hannunta kusa da ƙafar tana auna ɗumin. Ranar da mutane suka yi mata yawa sai ta yafito ni.

"Malama, zo nan. Sa hannunki a nan, dab da ƙafarta. In kin ji ya yi zafi ki ja fitilar baya. Ke za ki ji mata."

Ban kai ga durƙusawa ba Inna ta janye ƙafafunta, ta ja zani ta rufe su, ta juya fuska bango. Sista ta dube ta, ta dube ni. Sai da muka fito baranda ta riƙo hannuna, fuskarta duk damuwa.

"Malama, me kika yi wa mamanki? Tun zuwanku nake lura, ko kallonki ba ta yi. Ko mene ne, ki durƙusa ki roƙe ta. In kina so ni zan shiga tsakani."

Rabon da in yi dariya irin ta ranar har na manta. Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ta juya maganar a ranta.

"Wato don kina da daraja a wajenta ne ba ta kula ki?"

"Haka aka ce."

"Kai, ku mutanen nan!"

Ta koma ciki ta tsaya a kan Inna, hannu a ƙugu. "Mama, wannan hannun da kike gani, in an shigo ɗakin nan ba na 'yarki ba ne. Na asibiti ne. Ni na ɗauke shi aiki." Can Inna ta ce wa bango, "In na asibiti ne, to." Ta miƙe ƙafafun, ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf.

Haka muka yi watanni. Ina zaune a ƙasa, hannuna a shimfiɗe kusa da ƙafarta, jan haske ya rufe mu duka biyu. Ban taɓa ganin ƙafar uwata kusa haka ba: faso a dunduniya, tsohon lalle a farce, ɗan yatsan da ya karkace tun wani tuntuɓe da ban san labarinsa ba. In bayan hannuna ya fara zafi in ja fitilar baya. Ba ma magana. Wata rana muna cikin haka aka ɗauke wuta, Sista tana waje. Inna tana gyangyaɗi a cikin mayafi, ba ta ga hasken ya tafi ba. Na dubi ƙofa, na ɗora hannuna a kan ƙafar, na riƙe ta sosai. Ba ta motsa ba. Na san ba za ta ji ba, shi ya sa na yi. Ina da 'ya'ya har sun shiga makaranta, ranar na fara taɓa uwata da sanina, ita kuma ba ta sani ba.

Jin ƙafar bai dawo ba. Sista takan gwada da tsinken tsintsiya, Inna ta ce, "Kin fara ne?" Amma zugin ya ragu, ta koma barci, har ta fara yi wa jikokinta faɗa, alamar lafiya ta samu. Ko fitilar ce, ko ƙwayoyin, ko rashin kunun kanwa mai suga, ban sani ba. Ita dai fitilar ta ba wa ladan.

Sai matar auta ta haihu. Babu wanda ya isa ya riƙe Inna a Gumel alhali ana jego a gidanta. Sista ta bi ta har bakin mota tana gargaɗi: "Mama, ban da kasko, ban da ruwan zafi a ƙafa. Ƙafarki ba za ta gaya miki gaskiya ba. Kullum a duba miki ita da ido."

Inna ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, ni za ki koya wa wuta?"

Abin da ya faru matar auta ce ta ba ni labari daga baya. Da zugin ya dawo, Inna ta ce ai ga fitilar gida, ba layi, ba ɗauke wuta. Kullum da la'asar in ta ɗora tukunyar wanka sai ta jawo rushi gefen murhu, ta zauna a kujera 'yar tsugunno ta miƙe ƙafafu. Ta kwaikwayi komai, har nisan da Sista ke bari. Hannun ne kawai babu, kuma ba wanda zai yi tunanin tsaya wa Inna a kan wuta. Ran nan mai jego tana ɗaki ta ji ƙauri.

"Inna, kamar wani abu yana ƙonewa."

"Duba ko zanin jinjiri ne ya faɗa kasko."

Ta fito ta duba. Dunduniyar Inna ce a kan garwashi, ita kuwa tana ta tsinke ganyen darbejiya.

Ta yi wa kanta magani irin wanda ta sani, ta naɗe da tsumma, ta kafa doka kada a gaya wa mutanen Gumel sai an gama wanka. Ta kuwa gama shi, tana ɗingishi. Lokacin da saƙo ya iso ni ƙafar ta yi baƙi har idon sawu, wari ya cika ɗakin. Daga Gumel aka tura mu Kano.

Likitan Kano bai ɓoye mana ba. Ya ce a yanke daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba ruɓar za ta shiga jini. Inna ta ce a'a. Auta ya ɗauko wani malami ya yi mata bayani cewa addini bai hana ba, ƙafar ma binne ta ake yi da mutunci. Ta saurare shi da ladabi ta ce, "Allah gafarta malam, na sani. Ni dai ba na so ta riga ni." Likita ya ce mu je mu daidaita, babba a cikinmu ya kawo masa amsa.

A barandar asibitin auta ya tare ni, idonsa jawur.

"Yaya, ki ce wa likita ta yarda. Ita kuma mu ce mata wanke ciwon za a yi, sai an sa ta barci. In ta farka an gama."

"Ka san abin da za ta yi in ta farka?"

"Ta tsine min! Na ɗauka. Ta tsine min tana raye. Yaya, rai ake magana."

Na ce to. Har ga Allah na ce to, kuma a lokacin na ga gaskiyarsa.

Na shiga ɗakin in kwashe kwanuka, na ba ta baya kamar yadda na saba. Sai na ji an ce, "Ke." Na duba ko wata ma'aikaciya ce ta shigo. Babu kowa.

"Da ke nake. Juyo."

Na juyo. Ta yaye mayafin, tana kallona ido cikin ido. Ashe idanunta ba baƙaƙe ba ne, ruwan ƙasa ne, da wani farin zobe na tsufa a gefe.

"Yaron can tun yana ƙarami in zai yi min ƙarya sai ya yi ta sosa ƙeya. Tun safe yake sosawa. Na san abin da kuka shirya." Ta numfasa. "Na shiga ɗakunan mata da ƙafata fiye da yadda zan iya tunawa. Na ga yadda ake ɗaga mutum a ajiye, a kai shi bayan gida a dawo da shi. Ba na so. Ke ce babba. Ki mai da ni gida yadda na zo."

"Inna, mutuwa za ki yi."

"To da fa?" Ta ci gaba da kallona. "Ban taɓa roƙonki komai ba."

Ta ja mayafinta ta rufe fuska. Iyakar hirar da muka taɓa yi ke nan a duniya.

Na je na gaya wa likita mun gode, za mu tafi. Lokacin ana wahalar mai, da ƙyar muka samu mota. Auta ya zauna gaba, daga Kano har Ɗanzomo bai waiwayo ba. A gida Inna ta koma yadda take, ta koma aika wa mutanen Gumel saƙo ta bango, ko da mutanen Gumel suna zaune a bakin gadonta suna yi mata fifita. Sista takan zo ran Lahadi in ta taso daga coci, ta wanke ciwon ta naɗe, ba ta taɓa ce min na yi daidai ko ban yi ba. Zazzaɓi ya yi ta hawa. Wata safiya da hantsi, bayan an shayar da ita ruwa, ta cika. Aka yi mata sutura da ƙafafunta biyu.

Allah Ya gafarta mata, Ya yalwata mata kabarinta, Ya saka mata da alheri gwargwadon 'ya'yan da suka faɗo a hannunta da matan da ta tsaya a kansu har suka miƙe. Ya sa can ta fi mata nan.

Duk zaman makoki auta bai ce min ko "ya haƙuri" ba. Sai bayan sadakar arba'in ya zo Gumel, ranar kasuwarsu ma, da ƙurar turke a rigarsa. Bai shiga ciki ba, a zaure ya tsaya. Muka gaisa kamar baƙi. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Yaya, ba faɗa na zo yi ba. Tambaya ce ta hana ni sukuni. Da ni ta roƙa, wallahi da na ƙi. Ina sonta, amma da na ƙi. Ke kin yi boko, kin san abin da likitan nan ya faɗa gaskiya ne. Kin ce min to. Me ya sa kika canza?"

Na tanadi amsoshi tun tuni saboda wannan rana. Ƙafarta ce, da hankalinta ta faɗa, kwana kuma in ya ƙare ya ƙare. Duk gaskiya ne, kuma ina fata saboda su na yarda. Amma ko ɗaya bai fito ba.

Na ce, "Ta dube ni."

Ya ɗago kai, shi da take duba kullum tun ranar da ta haife shi. Ya tsaya yana jira in ƙarasa. Babu sauran abin da zan ƙarasa.